Daga Tambuwal Zuwa Gangirwal: Lissafin da Mai Tattaki Ba Ya Son Yi

Tun da Suleiman Hashimu ya tako daga Legas zuwa Abuja a watan Afrilun 2015 don murnar nasarar Muhammadu Buhari, tattaki ya zama yayi a Arewa. Da wuya a gama zaɓe ba a ga wani saurayi rataye da tuta ya nufi gidan gwamnati a ƙafa ba. Yanzu kuma yayin ya fara sauya kama. Hotunan masu hawan duwatsu sun cika Facebook da TikTok, sai samarinmu suka fara tambayar juna: me zai hana mutum ya tashi daga nan, daga Tambuwal ko Kebbe, ya taka har ƙololuwar Gangirwal, wuri mafi tsayi a Najeriya? Dattawa na cewa rashin aikin yi ne ke kawo irin wannan tunani. Samari na cewa Turawa da 'yan Kudu sun hau, su me ya rage su da shi?

Ni ban ga aibun niyyar ba. Yaron da ya tashi a fili, bai taɓa ganin tudun da ya wuce jigawar gonarsu ba, yana da haƙƙin ya yi marmarin ganin ƙasarsa daga sama. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne maganar da ake rufe gardamar da ita duk lokacin da wani ya ambaci haɗari: "Mu da anka haihwa cikin rana, mi za ta yi muna?" Da an faɗi haka sai kowa ya gyaɗa kai, magana ta ƙare. Alhali nan ne ya kamata ta fara.

Gangirwal, wanda taswira ke rubutawa Chappal Waddi, yana jihar Taraba a kan iyakar Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, tsayinsa mita 2,419. Tambuwal kuwa ba ta wuce kimanin mita 300 daga doron teku ba. Ta kowace hanya mutum ya bi, tazarar ta haura kilomita 1,200. Lafiyayyen saurayi mai ɗauke da kaya, idan yana cin kilomita 25 kullum, yana bukatar kwana 50 ko fiye, in an haɗa da ranakun hutu sai a ce wata biyu. A cikin wata biyun nan zai ratsa yanayi iri uku: busasshen zafin da ya sani, gumin kwarin Binuwai da bai sani ba, da jiƙaƙƙen sanyin kan dutse wanda ko a mafarki bai taɓa ji ba.

Mu fara da wanda yake ganin ya sani.

Gaskiya ne jiki yana sabawa da zafi. Masana sun auna abin, sun ga cikin mako ɗaya zuwa biyu na aiki a rana jini yana ƙara yawa, bugun zuciya yana sassautawa, zufa tana fara fitowa da wuri, kuma gishirin da ke cikinta yana raguwa. Manomin Kuchi ko Dogon Daji ya riga ya sami duk wannan tun yana yaro. Amma a duba da kyau abin da sabon ya ƙunsa. Mai tafiya da kaya, mafi yawan ƙarfin da namansa ke ƙonawa zafi yake komawa, kuma dole zafin ya fita. Idan iskar waje ta kai digiri 40, ta fi jikin mutum zafi, tunda shi yana kan 37. Iska ba za ta karɓi zafinsa ba, ƙara masa ma take yi. Ƙofa ɗaya ta rage, wato zufa ta fito ta bushe a kan fata, bushewar ta tafi da zafin. Saboda haka jikin da ya saba da rana ba rage zufa yake yi ba. Ƙara ta yake yi, kuma da wuri.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake ajiye randa ya san wannan ba tare da an karanta masa ba. Randar da ruwanta ya fi sanyi ita ce wadda jikinta ke tsattsafo, kullum bayanta a jiƙe, ƙasan gindinta da danshi. Ita ce kuma ke saurin yin ƙasa ko ba a sha ba. Tsohuwar randar da ƙofofin jikinta suka toshe tana riƙe ruwa, amma ruwan ɗumi. Babu randar da ke sanyaya ruwa ba tare da ta yi asararsa ba, domin asarar ita ce sanyin. Basakkwace randa ce mai kyau: yana sanyaya kansa fiye da baƙon da ya sauka jiya daga Ingila, shi ya sa kuma yake ƙarar da ruwan jikinsa da sauri. Matar gida ba ta taɓa cewa randarta ta saba ba, don haka yau ba sai an zuba mata ba. Mu ne muke faɗa wa jikinmu haka.

An daɗe da gwada wannan a kan mutane. A lokacin yaƙin duniya na biyu sojojin Amurka sun so su san ko za a iya horar da soja ya rage shan ruwa kafin a tura shi sahara. Wani masani mai suna Edward Adolph ya bi su cikin hamadar Kalifoniya yana auna nauyinsu kafin tafiya da bayanta, sakamakon ya fito a littafi a 1947. Abin da ya gano bai canza ba har yau: ana iya koya wa mutum daurewa da ƙishi, amma ba a iya koya wa jikinsa rage bukatar ruwa. Ya kuma lura cewa ko da ruwa na rataye a kafaɗarsu, mutane ba sa shan abin da ya kai wanda suka zubar. Ƙishi yana makara. Lokacin da maƙogwaro ya fara kira, an riga an ci bashi.

Ga lissafin da ledar fiya-wata, tunda ita kowa ke ƙirgawa. Leda ɗaya rabin lita ce. Mai tafiya da kaya cikin zafin bazara yana iya zubar da lita guda ta zufa a kowace awa, wani ma ya wuce haka. Tafiyar awa shida lita shida ke nan, leda 12. A ƙara abin da jiki ke bukata a sauran yini da dare, sai a tasar wa leda 16 zuwa 18, kusan buhu guda mai leda 20. Buhun nan kilo 10 ne, domin kowace lita kilo guda ce. Masu tafiyar nesa kuwa sun daɗe da sanin cewa jakar goyo in ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita, gwiwa da baya za su biya. Saurayi mai kilo 60 ke nan kayansa duka kada su wuce kilo 12. Ruwan yini ɗaya ya cinye 10. Ina abinci, ina bargo, ina gidan sauro? Wannan ya nuna cewa ba wanda ke ɗaukar ruwan tafiyarsa a baya. Abin da ake yi shi ne a san inda ruwa yake a gaba, rijiya ce ko famfon tuƙa-tuƙa, yana aiki ko ya lalace, awa nawa ne tsakaninsa da na bayansa. Taswirar waya tana nuna hanya mafi kusa, ba ta nuna wace rijiya ce ta ƙafe. Wannan sai a bakin direban tasha, ko makiyayi, ko ɗan kasuwar da ke cin kasuwannin yankin.

Sai gishiri, wanda shi ma ake mantawa. Farin da ke fitowa a bayan riga bayan an wuni a gona gishirin jiki ne. Wanda ya wuni yana zufa yana kwankwaɗar ruwa zalla, bai ci komai ba, yana iya tsinka jininsa har gishirin ciki ya yi ƙasa ƙwarai. Alamunsa ciwon kai, tashin zuciya da ruɗewa, kusan iri ɗaya da na ƙishi, sai abokan tafiya su ƙara ɗura masa ruwa, su ƙara masa ciwo. A gasar gudun fanfalaki ta Boston a 2002, likitoci sun gwada jinin ɗaruruwan 'yan tsere, suka sami kashi 13 cikin ɗari da wannan matsala. Maganin yana kowane gida: a riƙa cin abinci mai gishiri tare da shan ruwa, a kuma riƙe ƙunshin ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yaro mai gudawa. In babu na kyamis, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri, cikin lita guda. Ma'aunin da ba ya ƙarya kuwa fitsari ne. In ya yi ja kamar shayi, ko aka wuni ba a yi ba, a nemi inuwa a zauna.

A nan dole in faɗi abin da ake ɓoyewa. Da yawa daga masu irin wannan tafiya suna dogara da ƙwaya. Wasu tiramadol, wasu maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, ana haɗiya safe da yamma ana korawa da lemon ƙara kuzari. Tiramadol yana kashe jin gajiya da ciwo, su kuwa su ne ƙararrawar da ke cewa a tsaya, kuma yana iya jawo farfaɗiya. Diclofenac da 'yan uwansa suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, a daidai lokacin da ƙishi ya riga ya rage shi. Saurayi na iya isa inda ya nufa, a yi masa tafi, ya dawo gida da ƙodar da ba za ta koma daidai ba. Wankin ƙoda kuwa duk wanda ya taɓa jinyar mai shi ya san gona da shanu nawa yake ci.

Ƙarshen wannan hanya shi ne bugun zafi, lokacin da zafin cikin jiki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa. Mutum ya fara magana ba kan gado, ko faɗa ba dalili, ko tangaɗi. A ƙauye sai a ce iska ce ta taɓa shi, a tsaya neman mai ruƙiya. A yi addu'a, amma hannu na aiki: a kai shi inuwa, a cire masa kaya, a yi ta kwara masa ruwa ana fifita, a nemi mota zuwa asibiti. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki.

Wanda har yanzu yake ganin haihuwa cikin rana kariya ce, ya tuna aikin Hajjin 2024. Zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar alhazai 1,301, suka ce kashi 83 cikin ɗari marasa takardar izini ne da suka yi doguwar tafiya a ƙafa ba inuwa. Ɗaruruwa daga cikinsu 'yan Masar ne, mutanen da ba wanda zai koya musu rana. A watan Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya ga digiri 48.5, asibitoci a Bamako suka cika. A Oktoban 2013 kuma an tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance na Damagaram, 'yan uwanmu Hausawa, motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya, ƙishi ya kashe su. Allah ya jiƙansu. Ko Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Sakkwato da Wurno a 1853 da sunan Abdulkarim, saura ƙiris ya mutu tun kafin ya iso. A watan Yulin 1850 ya bar ayari shi kaɗai don ya hau dutsen Idinen kusa da Ghat, dutsen da yake gani kamar ga shi nan kusa. Ya hau, ruwansa ya ƙare, ya ɓata a saukowa, har ya tsaga jijiyarsa ya tsotsi jininsa. Wani Buzu ne ya bi sawunsa ya tsince shi washegari.

Kakanninmu ba su yi wa rana wannan raini ba. Hanyar da ta bi ta Tambuwal zuwa Jega tana cikin hanyoyin fataken goro masu zuwa Gwanja, tafiyar watanni. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai sanin hanya, kuma ba a tashi sai an san zangon da za a sauka da ruwan da ke wurin. Sammako suke yi, kafin rana ta take an sauke kaya. Guzurinsu ma ya fi na yaran yanzu dabara: gumba, ƙuli-ƙuli, dakuwa, kilishi, dabino, abinci mara nauyi, mai riƙe ciki, wanda ba ya lalacewa, wani ma da gishirinsa. Buzayen Azbin masu ɗauko gishiri daga Bilma har yau yawanci da kaka suke tashi, wajen Oktoba da Nuwamba, ba su taɓa ƙetare Tenere a tsakiyar bazara don a ce su jarumai ne ba. Su ma sun yi tawakkali, tawakkalin bai hana su cika salka ba.

Batun lokacin tashi shi ne inda tattakin siyasa ya ɓata mana tunani. Zaɓe a Fabrairu ko Maris ake yi, rantsuwa a ƙarshen Mayu, don haka masu tattaki sun saba fita a Maris da Afrilu, watannin da zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40. Wanda ya kwaikwayi wannan a tafiyar Gangirwal ya haɗa wa kansa masifa biyu: ya bar gida a tsakiyar bazara, ya isa Mambila, inda dutsen yake, a Mayu ko Yuni, lokacin da damina ta riga ta kankama a can, rafuka sun cika, hanyoyi sun zama taɓo. Daminarsu tana riga tamu sauka, tana kuma daɗewa bayan tamu ta ɗauke. Lokacin da ya dace shi ne bayan an gama girbi, a tashi a Nuwamba, a isa a Janairu. Akwai hazo da tsagewar ƙafa, amma ruwan da ake bukata ya ragu sosai, dutsen kuma a bushe yake.

Akwai abin da ya fi rana da ƙishi, kuma ba zan zagaya shi ba. Daga Kebbe in aka yi gabas, Gummi ce, Anka, Gusau, Tsafe, sannan Funtuwa. In aka yi kudu ta Jega, sai Koko, Yawuri, Kontagora, Tegina. Duk mai sauraron rediyo ya san abin da waɗannan sunaye suke tunasarwa: a 2021 kaɗai an kwashe 'yan Islamiyya a Tegina, an kwashe ɗaliban kwalejin tarayya a Birnin Yawuri. Mutanen Kebbe ba sa bukatar a ba su labarin daji, suna kwana da shi. Baƙo mai tafiya shi kaɗai da ƙatuwar jaka da waya yana ɗaukar hoto yana tsakanin wuta biyu: 'yan bindiga su ga abin kamawa, 'yan sa-kai su ga ɗan leƙen asiri. Waya ma ba abin dogaro ba ce, tunda a Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, bayan an rufe na Zamfara gaba ɗaya. Shawarata a fili take. Wannan yanki a ƙetare shi a mota, da rana, bayan an tambayi 'yan tasha halin da hanya ke ciki a ranar. Wanda ya ce tattakin bai cika ba sai an taka kowane taku, ya je ya faɗa wa mahaifiyar yaron. Inda aka fara takawa kuma a koma wa tsohuwar ɗabi'a: takarda daga hakimi ko uban ƙasa mai nuna ko kai wane ne, katin ɗan ƙasa a aljihu, kuma duk garin da aka sauka a fara gaida mai gari kafin a shimfiɗa tabarma a masallaci. Kada a yi ƙasa da mutum uku, don in ɗaya ya faɗi, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya nemo taimako.

Wanda ya bi ta Bauchi da Gombe zai wuce Kaltungo, garin da ke da asibitin saran maciji, kuma ba banza aka gina shi a can ba: ƙasar kububuwa ce. Takalmi mai rufe idon sawu, tocila da dare, a kakkaɓe takalmi da safe. In an yi sara, asibiti kai tsaye, ba tsaga, ba ɗauri, ba tsotsa. Daga nan sai gadar Numan a kan Binuwai, sai Jalingo, Bali, Serti. A wannan kwari iska tana da laima, zufa tana zuba amma ba ta bushewa, kuma zufar da ta ɗiga ƙasa ba ta sanyaya kowa ba. Digiri 34 a can yana iya galabaitar da mutumin da ke dariya da 42 a Sanyinna. Sauro ya fi namu yawa. Ruwa kuma ga shi ko'ina, wanda shi ne tarkon: ruwan rafi sai an tafasa ko an saka ƙwayar tsarkake ruwa, domin gudawar kwana biyu tana zubar da abin da rana ba ta zubar ba a mako.

Daga Mayo Selbe hanya take fara hawa tsaunin Mambila, a nan ne kuma ilimin ɗan Sakkwato ke ƙarewa gaba ɗaya. Jita-jitar da ke yawo ita ce a saman dutse iska ƙarewa take, sai da tukunyar numfashi. Wannan labarin manyan duwatsu ne. A ƙololuwar Kilimanjaro, mai mita 5,895, iskar da mutum ke shaƙa kusan rabin ta bakin teku ce. A Gangirwal kuwa kusan kashi uku cikin huɗu ce. Za a yi haki, mai yiwuwa a yi ɗan ciwon kai, amma ciwon tsauni mai tsanani yawanci sama da mita 2,500 yake farawa. Abin tsoro a can sanyi ne, shi kuma ba wanda ke maganarsa.

Duk hawan mita 1,000 yana rage kusan digiri shida da rabi. Tsakanin Tambuwal da ƙololuwar akwai fiye da mita 2,000, wato ragin digiri 13 zuwa 14 tun kafin a sa iska da ruwa a lissafi. Za a ce ai mun san hunturu. Mun san busasshen sanyi, wanda ake kora da bargo da wutar kara. Na dutse yana zuwa da jiƙa. Mutum ya hau yana zufa, rigarsa ta auduga ta jiƙe sharkaf, ya iso fili mai iska, gajimare ya sauko ya rufe shi, ko yayyafi ya kama. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska sau 20 da wani abu, auduga kuwa in ta jiƙe ba ta riƙe ɗumi ko kaɗan. Da zafin ciki ya sauka ƙasa da digiri 35, sai karkarwa, sai hannu ya kasa ɗaure igiyar takalmi, sai harshe ya yi nauyi, sai barci mai daɗi ya fara jan mutum. Ba sai an ga ƙanƙara ba. A ranar 22 ga Mayun 2021, a lardin Gansu na ƙasar Sin, 'yan tsere 172 sun shiga gasar kilomita 100 a kan tsaunin da ya ɗan haura mita 2,000, wato bai kai namu ba. Iska da ruwa suka taso da tsakar rana, yawancinsu da gajeren wando da 'yar riga. Mutum 21 suka mutu, cikinsu har da zakarun ƙasar. Wani makiyayi ne ya ceci shida, ya shigar da su kogo ya hura musu wuta.

Kayan kariyar ba su da tsada, duk ana samunsu a gwanjo: rigar ruwa, suwaita mai kauri wadda ba auduga ba, hular sanyi, safa biyu, da busassun kaya guda da aka ƙulle cikin leda, ba a taɓa su sai an sauka zango. Ba sai an ɗauko su tun daga gida an yi ta dakonsu wata biyu ba, ana iya saye a Jalingo ko Gembu. Takalmi kuwa kada ya zama sabo. Sabon kambas yana fitar da bororo a kwana biyu, bororon da ya fashe ya yi ruwa ya mayar da matafiya gida fiye da yadda yunwa ta mayar.

Hawa kuma yana da nasa lissafi. Wani ɗan Sikotland mai suna William Naismith ya tsara shi tun 1892, har yau ana amfani da shi: awa guda ga kowane kilomita 5, a ƙara awa guda ga kowane hawan mita 600. Wannan na lafiyayye ne mara kaya, mai kaya ya ƙara. Amfaninsa shi ne a yanke lokacin juyowa tun kafin a tashi. In an ce ƙarfe ɗaya na rana, to ƙarfe ɗaya, ko da ƙololuwa na gaban ido.

Dutsen kuma ba na kowa da kowa ba ne da za a faɗa masa kai tsaye. Gashaka-Gumti gandun daji ne na tarayya tun 1991, mafi girma a ƙasar nan, ofishinsa na Serti, kuma tun 2017 hukumar gandun daji ke gudanar da shi tare da gidauniyar Africa Nature Investors. Ana neman izini, ana biyan kuɗin shiga, ana tafiya da ma'aikacin gandu da ɗan jagora. Masu hawa da yawa suna bi ta Nguroje zuwa Njawai, daga nan a ci gaba a ƙafa ta rugagen Fulani. Ɗan jagora shi ya san inda iyakar Kamaru take, inda rafi ke ƙetaruwa, da hanyar komawa in gajimare ya rufe ko'ina. Kuɗinsa ba wurin tsimi ba ne.

Ina da ƙorafi a kan manyanmu. Sau nawa aka karɓi mai tattaki a gidan gwamnati, aka ɗauki hoto, aka miƙa ambulan, wani lokaci har da mukullin mota? Ban taɓa jin an fara kai ɗaya asibiti an duba ƙodarsa kafin a kai shi gaban kyamara ba. Kyautar ita ke haifar da na gaba, shi kuma ya fita a Afrilu da leda biyu a aljihu. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da gargaɗin zafi duk bazara, amma gargaɗin ya fi yawo a wayoyin 'yan boko, bai cika isa tasha da majalisa da bakin kasuwa ba, inda masu bukatarsa suke. Da ƙananan hukumominmu za su sa a riƙa karanta shi a masallatan Juma'a da rediyo, da ya amfani mai tattaki, ya amfani ɗan acaba da mai tallan ruwa da manomin rani da suka fi shi yawa sau dubu.

Saura saukowa, wadda ba ta shiga hoto, shi ya sa ba ta shiga shiri. Gangara ta fi hawa cin gwiwa, kuma a lokacin ne ƙafa ta gaji, hankali ya riga ya tafi gida, mutum ya zame a kan ciyawa ko tsakuwa. Targaɗe a can yana nufin a ɗauko mutum a kafaɗa na awoyi kafin a kai inda babur ke zuwa, daga nan kuma a nemi asibiti a Gembu. A yanki sanda tun a ƙasa, a rage abinci da ruwan yini guda don dawowa, a bar wa wani a Njawai ranar da ake sa ran fitowa da lambar wanda za a kira a gida. Kuɗin motar komawa kuma a ware shi daban tun daga Tambuwal, a ɗinke a cikin wando ko a bar shi a asusu kada a taɓa, domin daga Gembu zuwa Sakkwato tafiyar aƙalla kwana biyu ce, da canjin mota a Jalingo da wasu tashoshin gaba.